Baba mai hoto

A birnin Maraɗi akwai wani dattijo mai ɗaukar hoto. Shekara da shekaru ya na ɗaukar hoton amare da masu suna da ƴan lakwal. Waɗannan duka, in an ce su tsaya, sai su tsaya. In an ce su dubo, sai su dubo. Da ya manyanta, sai ya bar wa ƴaƴansa shago, ya koma ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji. Su kuwa ba a ce musu su tsaya. Wanda ya matso kusa da su, sun gudu ke nan. Yara su na kiransa Baba mai hoto.

Kamarar Baba ba irin ta da ba ce. Irin ta da, akwai ƙaramin madubi a cikinta. Shi ke juya haske zuwa idon mai hoto. In an latsa, sai madubin ya ɗaga ya koma, ya yi ƙara: ƙas! In tsuntsu ya ji, sai ya tashi. A shekarar 2008 kamfanin Panasonic na ƙasar Japan ya fito da wata iri marar madubi. A cikinta haske ya na faɗawa kai tsaye bisa wani ɗan allo mai kama hoto. Irin wannan ce Baba ya ke riƙewa. Ta na iya ɗaukar hoto shiru, ko motsi ba a ji.

Gilashin da ke gaban kamara shi ne idonta, kuma a na iya canza shi. Ido mai milimita 50 ya na nuna abu kusan yadda mutum ya ke ganinsa. Na Baba mai milimita 400 ne, dogo kamar ƙaramin taɓarya. Ya na ƙara girman abu sau 8. Tsuntsun da ke nesa da mita 40, sai a gan shi kamar ya na mita 5. Amma dogon ido ya na da wuyar sha'ani. Nauyinsa ya wuce kilo 1. Yadda ya ke ƙara girman tsuntsu, haka ya ke ƙara rawar hannu. Shi ya sa Baba ya ke jingina da icce, ya riƙe numfashi, kana ya latsa. In tsuntsu ya na tashi, dole kamara ta buɗe ta rufe cikin kashi 1 bisa 2000 na sakan, in ba haka ba fukafukan su fito dishi-dishi. Da hunturu kuma Baba ba ya canza ido a fili, don kada ƙura ta hau allon. Cikin rawani ya ke naɗe kamarar.

Da asuba ya ke fita. Ya na sa tufafi masu launin ƙasa, ya ba rana baya, ya zauna ya jira. A tabkin Madarumfa ya kan yi awa uku a wuri ɗaya saboda zalɓe guda.

Wata rana, gab da damana, ya je wani ƙauye kusa da tabkin. Shamuwa ta zo, ta yi sheƙa bisa wata tsamiya, ta na kwance kan ƙwai. Baba ya zauna nesa. Wani yaro ya daɗe ya na kallonsa, har ya gaji. Sai ya ɗauki hoge, ya ce:

— Baba, bari in jefa ta ta tashi, ka samu hoto mai kyau.

Baba ya ce:

— A'a, ɗana, aje hogen. Dubi can bisa gawo. Me ka gani?

— Hankaka ne, Baba.

— To, shi ma jira ya ke yi. In ta tashi, ƙwan nan na hankaka ne. In bai sha ba, rana ta gasa su. Da zan kore ta, me ya sa na sayi dogon ido? Na saye shi ne don in zauna nan, ita ta zauna can.

Sai ya jawo yaron, ya sa masa ido a kamara. Yaron ya ga baƙin baya da farin ciki, har da jan fata kusa da idonta. Kullum ya na ganin shamuwa, amma bai taɓa ganin wannan ba. Baba ya gaya masa fara ce abincinta, don haka ta na taimakon manomi. Ya ce in damana ta wuce, za ta tafi har ƙasashen kudancin Afirka, baɗi ta komo. Ran nan sai la'asar mijin ya sauko sheƙa, Baba ya samu hotonsu su biyu.

Irin wannan hoto ya na da amfanin da ya wuce ado. A Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, akwai raƙuman dawa. A duk Afirka ta Yamma, a Nijar kaɗai irinsu su ka rage. A shekarar 1996 guda 49 a ka ƙidaya. Yaya a ke ƙidayar dabbar da ke yawo cikin daji ba a ƙirga guda sau biyu ba? Da hoto. Kowane raƙumin dawa ya na da zanen jikinsa, kuma zanen dama dabam ya ke da na hagu. Masu ƙidaya su na ɗaukar gefen biyu daga nesa, su aje cikin kundi. Baɗi su sake ɗauka, su gwada. Ta haka su ke sanin wadda ta haihu, da wanda ya ɓace. A shekarar 2018 raƙuman sun wuce 600. Cikin shekarar a ka ɗauki 8 a mota, a ka kai su gandun dajin Gadabeji, a jihar Maraɗi, inda irinsu su ka ƙare tun shekarun 1970.

Baba ya je Gadabeji ya gan su. Bai kusance su ba. Ya jira har wata ta juya, ya ɗauki dama, ta sake juyawa, ya ɗauki hagu. Ta ci gaba da cin ganyenta, ba ta ko san ya zo ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin kamarar Baba da irin ta da?
2. Tsuntsu ya na nesa da mita 80. Da idon milimita 400, kamar a mita nawa za a gan shi?
3. Don me Baba ya hana yaro jifar shamuwa?
4. Waɗanne tsuntsaye ke zuwa garinku da damana? Ku rubuta sunayensu da kamanninsu.