Kiɗan da ke cikin kan tsofaffi

Mu malaman makaranta mukan zauna da makaɗan zango bayan an tashi biki, mu tambaye su labarin sana'a. Kukansu ɗaya ne: 'ya'yansu sun ƙi ɗaukar kalangu, wai roƙo ne. Taken sarakuna da na mahauta yanzu a kan dattawa kaɗai yake.

Turawa sun tsira daga irin wannan asara domin sun rubuta kiɗansu a takarda. Mozart ya mutu a 1791, amma har yau ana nuna opera ɗinsa, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa. Nan Gana ma, Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya rasu a 2019, ya shekara da shekaru yana ɗaukar kiɗan Akan yana rubutawa.

Mu fa? Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, faifai ya riƙe mana muryarsu. Makaɗanmu na zango ko faifan ba su samu ba.

'Yan'uwa, kowa na da waya a aljihu. Mu je mu ɗauki kiɗan tsofaffin nan, mu rubuta sunan kowane take da wanda aka yi wa, tun suna raye.