Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ya Ke Masa Yoyo

Kowane mutum yana da abin da ya kan hutar da ransa da shi in ya tashi daga aiki. Wani kiwon tantabaru ya ke so, wani dara a gindin bishiya, wani kuwa ba abin da ya fi masa daɗi kamar ya zauna a dandali a yi ta taɗin duniya har a kira magariba. A Tudun Wadan Zariya an yi wani dattijo wanda nasa abin sha'awar ya bambanta da na jama'a, shi wankin mota ya ke so. Bai ɗauke shi sana'a ba, bai kuwa taɓa karɓar ko anini a kansa ba. Motarsa ce ta kansa ya ke yi wa wanka a ƙofar gidansa, kamar yadda uwa ta ke yi wa jinjiri.

Mutanen unguwa Malam kawai su ke ce masa. Ya fara aiki tun zamanin En'e, yana malamin ofis, da aka kawo tsarin ƙananan hukumomi a 1976 ya ci gaba da aikinsa a can har ya yi murabus. Ubansa mai doki ne. Tun Malam yana yaro ya kan ga tsohon ya shiga barga da sassafe, ya shafa jikin dokin da hannunsa, ya cire masa kaska, ya ɗaga kofato ɗai ɗai ya duba, ko da ya ke akwai yaron da a ke biya don wannan aiki. In an tambaye shi dalili, sai ya ce yaro ciyawa ya ke bayarwa, amma ciwon doki sai mai doki.

Motar Malam Peugeot 504 ce, fara sol. Irin wannan mota an fara ƙera ta a Faransa a 1968, sa'an nan a 1975 masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aikin harhaɗa motoci, har ya zama ba wani gari a Arewa da za a shiga ba a ga 504 ba. Bayan 'yan shekaru da buɗe wannan masana'anta Malam ya sami bashin mota, ya haɗa da abin da ya tara, ya sayo tasa. Ya daɗe ana yankar albashinsa kafin ya gama biya, saboda haka ya san zafinta sarai.

Ran Asabar ce ranar wanka. Da ya dawo daga masallacin asuba, ya yi lazimi, gari ya waye, sai ya tuɓe babbar riga ya sa wata tsohuwar taguwa, ya tura motar inuwa. Ba ya wanki cikin rana, ba ya kuma wanki in bai daɗe da kashe inji ba. Dalilinsa shi ne, in ƙarfe ya yi zafi ruwa ya kan bushe tun ba a ɗauraye ba, ya bar tabon sabulu da na gishirin da ke cikin ruwan rijiya.

Abu na fari, ya kan kwarara ruwa tsura a jikin motar tun bai taɓa ta da soso ba. Wannan shi ne babban sirrin aikin, musamman da hunturu. Ƙurar da ta ke rufe ƙasar Hausa daga wajen Nuwamba zuwa Maris, da yawa daga cikinta daga kwarin Bodele ta ke tasowa, can arewacin Chadi, inda a da can akwai wani makeken tafki da ya ƙafe. Iska ce ta ke kwaso ta. A ido laushi gare ta kamar garin alkama, amma akwai ƙananan ƙwayoyi masu kaifi a cikinta. Wanda ya sa busasshen tsumma ya goge ta, ya kankare fentinsa da hannunsa ke nan bai sani ba. Sai rana ta haska sa'an nan ya ga zane-zane kamar saƙar gizo-gizo.

Daga nan sai ya ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan kumfa, ɗaya na ruwan ɗauraye soso. Kowane shafi ya yi, sai ya wanke soson a na biyun tukuna ya mai da shi cikin kumfa, don kada yashin da ya ɗebo ya koma jikin motar. Daga rufi ya ke farawa, ya sauko gilashi, ya bi ƙofofi, ƙafafu su ne na ƙarshe, su kuwa sosonsu dabam ne. Ba ya yarda da garin sabulun wankin tufafi, domin ƙarfinsa ya kan cinye man da a ke shafa wa fenti, ya bar shi fayau ba mai tsare shi daga rana. In ya gama sai ya tsane ruwan da tsumma mai laushi, ya goge gilashi da tsohuwar jarida. Sau uku ko huɗu a shekara ya kan shafa man goge fenti, ya bari ya sha iska, ya murza har mutum ya ga fuskarsa a ciki.

Da damina kuma wani aikin ne. Ya kan durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin ƙarfen da ya rufe taya, ya ɓamɓare taɓon da ya maƙale, domin taɓo ya kan riƙe laima, laima kuwa ita ke haifar tsatsa. Ya kan sa ɗan tsinke ya buɗe ƙananan kafofin da ke ƙarƙashin kowace ƙofa, waɗanda maƙera suka bari don ruwan sama ya riƙa fita. Kashin tsuntsu da na jemage ba ya barinsu su kwana, don su kan ci fenti. Wannan ya sa ya daina ajiye motar a gindin darbejiyar ƙofar gida, ko da ya ke inuwarta ta fi kowace sanyi.

To, ba a rasa masu magana. Wani attajiri maƙwabcinsa, abokinsa ne tun suna makarantar allo, ya same shi wata Asabar ya yi kaca-kaca da kumfa, ya ce, "Haba Malam! Mutum kamarka, ga furfura, ga 'ya'ya, ga almajirai cike da unguwa, ka tsuguna gaban taya? Ai sai girma ya zube. In kuɗin ne babu, ni na ɗauke maka."

Malam ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma in na ba yaro, ƙura kaɗai zai gani. Ni kuwa motar na ke dubawa."

Alhaji ya kaɗa kai ya wuce, ya riƙa ba da labari a majalisa ana dariya, har yara suka sa wa motar suna Amaryar Malam. Uwargidansa ma ta kan ce da ma kishiya ya yi mata da ta san da wadda za ta yi faɗa. Duk wannan bai dame shi ba, ya san girman kai rawanin tsiya ne.

Amma akwai maganar da ta dame shi, domin a nan shi ne mai laifi. Wata shekara da bazara famfo ya ɗauke kwana da kwanaki, rijiyoyi suka ja baya, ruwa sai a wurin 'yan garuwa. Malam bai fasa al'adarsa ba. Ya kan sayi garwa shida ran Asabar, kowace garwa kuwa galan 4 ta ke ci, watau wajen lita 18. Ruwan wankin ya kan gangara ya kwanta a ƙofar wata bazawara mai marayu, wadda 'ya'yanta su ke sammako su tafi nesa neman abin da za a dafa tuwo da shi. Matar ba ta yi masa magana ba, don kunya da ganin girmansa. Sai ta shiga wajen uwargida ta gaishe ta, da za ta fita ta ce, "Yaya, a gaya wa Malam, in amaryarsa ta gama wanka a riƙa sam mana sauran, ko wanke-wanke ma yi da shi."

Da aka gaya masa sai jikinsa ya yi sanyi. Ya tuna tun yana yaro malaminsu ya hana su ɓarnar ruwa ko a wajen alwala, balle a wajen ƙarfe. Ya kwana yana juya abin a ransa. Ya ga shi da ya ke ganin ɗigon tsatsa kamar ƙwayar gero a jikin mota, ya kasa ganin ƙishirwar maƙwabciyarsa da ke tsallaken lungu. Asabar ta gaba ya sayi garwa shidan kamar kullum, ya aika mata da huɗu, ya ce a ba ta haƙuri. Da biyun da suka rage ya koya wa kansa yayyafa ruwa da buta maimakon kwarara shi da kwano, ya kuwa tarar sun isa. Ya haƙa ɗan rami a gefen katangarsa ya cika da tsakuwa, don ruwan ya riƙa nutsewa nan, kada ya kwanta ya tara sauro. Ko da ruwa ya wadata bai koma wa tsohuwar hanya ba.

Ana nan, sai aka sa ranar auren 'yarsa, za a kai ta Kano. Kowa ya san a motar ubanta za a ɗauke ta, mata har sun tanadi kayan ado da za a ɗaura mata. Ana jibi tafiya Malam ya fito yi mata wanka na musamman. Da ya zo kan ƙafar gaba ta dama, ya zura hannu ta ciki, sai ya ji danshi, alhali bai kai ruwa wurin ba tukuna. Ya murza a yatsa ya ji santsi. Ya buɗe gaban motar ya duba mazubin man birki, ya ga ya sauka daga inda ya bar shi makon jiya.

Ga yadda abin ya ke. In direba ya taka birki, ƙarfin ƙafarsa ba ya isa ga taya sai ta hanyar wannan mai, wanda ya ke bi ta cikin siraran bututu. Kusa da kowace ƙafa akwai ɗan tiyo na roba, don ƙafar tana motsi sama da ƙasa. In robar ta tsufa ta tsage, man ya kan tsiyaye kaɗan kaɗan, mota tana tsayawa kamar ba kome, har ranar da za a taka da ƙarfi tsagar ta buɗe. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Malam ya kira makaniki, ya zo ya kwance, ya nuna masa tsagar. Aka nemi sabon tiyo na kirki a ranar ba a dace ba, sai wanda aka ciro daga wata tsohuwar mota, Malam kuwa ya ƙi shi. Ya shiga gida ya ce motarsa ba za ta Kano ba. Nan fa gida ya ɗauki ƙara. Gwaggon amarya ta ce rowa ce, ya fi son ƙarfe da 'yar cikinsa. Babban ɗansa ya ce, "Baba, a cika man a tafi a hankali mana, in an dawo a gyara." Malam ya ce, "Ba a tafiya a hankali da rayukan mutane a kan birkin da na san yana yoyo." Ya sa rigarsa ya tafi wajen Alhaji, wanda ya daɗe yana yi masa dariya, ya roƙe shi aron mota. Alhaji ya ba shi da direba, bai ce masa uffan ba.

Aka kai amarya lafiya, aka dawo lafiya. Ba wanda ya gode wa Malam, domin hatsarin da bai auku ba ba shi da mai shaida. Gwaggo ta yi wata biyu tana amsa gaisuwarsa a daƙile. Abin da aka lura kawai shi ne, tun daga ranar Alhaji bai sāke kawo zancen a majalisa ba, wata rana ma aka gan shi tsaye a kan direbansa, yana cewa a duba masa bayan taya.

Shekaru suka tura. Masana'antar Kaduna ta daina harhaɗa 504, sa'o'in motar Malam suka ƙare a bola, kaji suna ƙwai a cikinsu. Wuraren wankin mota na kuɗi suka cika gari, da injin feshi mai gama aiki kafin mutum ya shanye shayi. Malam bai kushe su ba, ya ce sana'a ce, samari suna cin halalinsu. Gwiwoyinsa suka fara ƙin durƙuso. 'Ya'yansa suka ce a sayar da tsohuwar a sake masa ta zamani, ya ce su bari sai bayan ransa.

Wani jikansa ne ya karɓi soson. Ran Asabar a kan fito wa Malam da kujera, ya zauna da sandarsa yana nuni, yaron yana wanki suna ba'a irin ta kaka da jika. Rannan yaron ya ce, "Tsoho, kai da ka ke cika bakin ka san amaryarka, shekarar takalmanta nawa?" Malam ya ce ai zanensu bai sude ba. Yaron ya nuna masa wasu lambobi huɗu a gefen taya, ya ce tun daga shekarar 2000 haka a ke rubutawa, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 1208, an yi tayar ke nan a mako na 12 na 2008. Roba kuwa ta kan tsufa ta bushe ko ba a hau ta ba. Malam ya sa tabarau ya karanta da kansa, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ashe shekara da shekaru ina wanke rubutu ban karanta ba." Kafin wata ya ƙare aka sake tayoyin.

Ba kowa ne Allah ya ba mota ba. Wani keke gare shi, wani babur, wata keken ɗinki, wani garma da shanun huɗa. Hukuncinsu duka ɗaya ne. Abin da mutum ya ke taɓawa da hannunsa kowane mako ba ya ɓoye masa ciwonsa, gyara kuwa tun yana ƙarami ya fi araha. Sai dai wanda ya sunkuya a kan kayansa ya riƙa ɗaga kai lokaci lokaci, ya ga inda ruwan wankinsa ya ke gangarawa. Allah ya ba da ikon riƙon amanar abin da aka mallaka, da kiyaye hakkin maƙwabta, amin.