Ƙaramin Sani Ƙuƙumi: Ni da Kafet ɗin Yayata

Saura kwana goma ɗaurin auren yayata, mahaifinmu ya miƙa mini makullin gidan da za ta tare, ya ce tunda ni ke karatun gine-gine in je in tsaya a kan masu aiki. Kafet ɗin da za a shimfiɗa kuwa adashin Umma ne na shekara guda cur. Ni kuma a lokacin ban daɗe da gama SIWES na wata 4 ba, kaina sai hayaƙi yake.

Na tarar da masu shimfiɗa kafet zaune suna jiran wani dattijon kafinta. Ya ce a bari ya buga sikatin, wato siririn katakon nan da ke zagaye gindin bango, a yi masa fenti ya bushe tukuna. Na ce atafau ban yarda ba. A inda na yi SIWES da idona na ga ana gama tayil sannan a sa sikatin ya rufe bakinsa.

"Injiniya," in ji shi, "tayil daban, kafet daban."

"Baba, ka yi haƙuri, mu haka aka koya mana."

Bai ƙara cewa uffan ba. Aka shimfiɗa kafet a falo, ya zo ya buga katakonsa a kai. Kafin la'asar garin katako ya shige cikin gashin kafet ɗin. Da mai fenti ya zo washegari, duk jaridar da muka shimfiɗa ba ta hana farin fenti ɗiga a kan jan kafet ba. Na goga da kananzir, tabon ya ƙara faɗi.

Da aka zo uwar ɗaka na ja bakina na yi shiru. Dattijon ya yanko guntun kafet, ya riƙa sa shi ƙarƙashin katakon kafin ya buga ƙusa, don ya bar tazarar kamar santimita 1 tsakaninsa da daɓe. Aka yi fenti, ya kwana ya bushe. Sannan masu kafet suka ja shi ya miƙe, suka cusa bakinsa a wannan tazarar. Tsaf, kamar tare aka ƙera su.

Nan na gane inda na kwana. A daɓe mai tauri, tayil ne ko katako, ƙasa ake fara yi, sikatin ya biyo baya ya rufe giɓin da aka bari a jikin bango. Shi kuwa kafet baƙo ne a ɗaki. Yana tsufa a canza shi, sikatin yana nan. In ka danne shi da katako ka ɗaure baƙo da maigida. In kuma sikatin ɗin na tayil ne, kamar na yawancin gidajenmu, to ai siminti ma kaɗai ya isa ya sa a gama shi kafin kafet ya shigo.

'Yan jere sun rufa mini asiri, suka ɗora kujera a kan tabon. Amma damina ta tona. Wata rana aka manta tagogi a buɗe, ruwa ya jiƙa ɗakunan biyu. Na uwar ɗaka aka zare shi salin alin aka shanya. Na falo kuwa sai da aka ɓamɓare sikatin, filasta ta biyo shi, kafet ɗin ya yage a kusurwa. Kuɗin gyaran daga aljihuna ya fito, kuɗin da na ware don furojet.

Umma ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai dubi yagen ta ce, "Allah ya ƙara ilimi." Wallahi gara a ce ta zage ni.

'Yan uwana da za mu karɓi difloma bana, dokar da muka haddace a aji tana da inda take aiki. In dattijo mai guduma ya ce maka dakata, tambaye shi dalili kafin ka buɗe masa littafi.