Uku da ɗan ɗori

Ku nemo zare yanzun nan! Ku ɗauko faifai ko murfin tukunya, ku zagaye bakinsa da zaren, sannan ku auna zaren da faɗin abin, daga baki zuwa baki ta tsakiya. Sau uku zai shiga, ɗan guntu ya yi saura. Na gwada da kofin shayi, na gwada da bakin randa, har tayar keken maƙwabcina ba ta tsira ba. Kowanne uku da ɗan ɗori! Ashe wannan ne π ɗin da aka sa muka haddace a aji, 22/7 ko 3.14, ba tare da an taɓa miƙo mana zare ba.

Amma abin da ya hana ni zama shi ne filin cikin da'ira. Na yanko takarda zagayayya, na tsattsaga ta daga tsakiya kamar yadda mai kankana ke yi, na jera yankunan, wannan kai sama, wancan kai ƙasa, suna shiga tsakanin juna. Jama'a, sai da'ira ta ɓace! Abin da ke gabana ya kusa zama fili mai kusurwa huɗu, kuma da na ƙara sirantar da yankunan, sai gefunansa suka ƙara miƙewa. Tsawonsa rabin kewayen da'irar ne, tsayinsa rabin faɗinta, wato r. A ninka wannan da wancan, ga πr² ya fito da ƙafarsa.

Daga baya na tarar Arkimidis, mutumin Sirakusa a tsibirin Sisili, ya riga ni da shekara fiye da 2,200. Da siffofi masu gefe 96 ya ritsa π tsakanin 223/71 da 22/7. Wato 22/7 ɗin namu ya ɗan zarce gaskiya! A 1424 masanin lissafi Al-Kashi ya zauna a Samarƙand ya fitar da lambobin π guda 16 bayan ɗigo, da hannu kawai. A 1761 kuma wani masanin lissafi, Lambert, ya tabbatar ba za a taɓa kaiwa ƙarshensu ba.

Ga abin da ya shafi aljihu. Rijiya mai faɗin mita 1, filin bakinta wajen murabba'in mita 0.79 ne, mai faɗin mita 2 kuwa 3.14. Faɗi ya ninka sau biyu, ƙasar da za a kwaso, in zurfi ɗaya ne, ta ninka sau huɗu. Don haka in mai haƙa ya ƙi karɓar ninki biyu, kar ku ja da shi.