Wa Zai Yi Addu'a a Mairuwa?

Duk lokacin da kulob ɗinmu zai fita yawon buɗe ido, gardamar kuɗin mota ba ta kai ta addu'a zafi. A cikinmu akwai Musulmi, akwai Kiristoci, wasunsu Hausawa ne daga ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur masu zuwa cocin ECWA. Harshenmu ɗaya, iyayenmu duk masara da auduga suke nomawa.

Bana Dam ɗin Mairuwa za mu, kuma ni aka ɗora wa tsara ibada. Wani ya ce a haɗa addu'a guda wadda ba za a ambaci Annabi (SAW) ko Yesu ba, don kada ran kowa ya ɓaci. Ni dai ban yarda ba. Irin wannan addu'a ba ta kowa ba ce. Baki zai ce amin, zuciya tana wani wuri.

Ga abin da na kai wa malaminmu. Mu tafi ranar Asabar, mu bar Juma'a da Lahadi. Kafin mota ta tashi, ɗan MSS ya yi addu'a, ɗan FCS ya yi tasa, wajen dawowa kuma wanda ya fara ya koma na biyu. Da azahar 'yan FCS su tsare mana jakunkuna mu yi salla. In mun sallame, mu ja gefe mu yi shiru, su yi waƙoƙinsu a inuwa. Ba wa'azi, ba tsokana.

Saura butoci da tabarmi. Mai su ya ba monita sunansa kafin Alhamis.