Sai Ka Juya Bayan Ganye

A gidanmu gyaɗa muke nomawa, kuma ƙa'idar Baba guda ce: ba a yanke wa ganye hukunci sai an juya bayansa. Daga nesa duk gonar da ta kamu kamanninta ɗaya, ganye ya yi rawaya, shuka ta yi laushi. Amma cutar kala-kala ce, kuma wanda bai rarrabe ba zai kashe kuɗin magani a banza.

Tsatsar gyaɗa a ƙarƙashin ganye take fara fitowa, ƙananan ƙuraje masu launin jan ƙasa. In ka murza da yatsa, sai gari ya biyo ka kamar ka taɓa tsohon kwano. Wannan garin shi ne irinta, iska ke kwasarsa gona zuwa gona, musamman in damina ta yi nisa, raɓa tana kwana a ganye. Ganyen da tsatsa ta ci yakan bushe yana maƙale a jikin shuka. Na cutar ɗigo-ɗigo kuwa zubewa yake yi. Shi ya sa Baba ke duba ƙasa kafin ya duba sama. Ba ya barin gyauro a gona, don a jikinsa tsatsa ke fakewa har wata damina.

Ba kowace rawaya ce tsatsa ba. Annobar da ta durƙusar da gyaɗar Arewa a 1975 ƙwari ne suka yaɗa ta, shukar ta tsugune ta cure, ko ka murza ba gari.

Naman kaza kuwa wajen Inna na koya, kuma nan kuskure ba asarar buhu ba ne, rai ne. Wanda take tsinka na jikin suri ne, mai ɗan tsini a tsakiyar hula da doguwar saiwa da ta nutse cikin gidan gara. Gara ce ke noma shi a can ƙasa. Akwai wani fari, babba, mai zobe a wuya, da ke fitowa cikin ciyawa. Kifa hularsa a kan farar takarda ta kwana, da safe za ka ga gari kore-kore. Wannan amai da gudawa yake sawa. Kuma ganin dabba ta ci ba shaida ba ce.

"Wanda ba ka sani ba, bar wa ƙasa abinta," in ji Inna.

Yanzu ƙannena hoto suke ɗauka a waya su tambaya. Ban raina ba, sai dai hoto ba ya nuna saiwar da ke binne, ba ya barin gari a yatsa. Masu wannan sanin kuma tsufa suke yi. Duk wanda ke da irinsu a gida, ya bi su gona bana.