Daga Sinnar Zuwa Mai Wurno: Injin Ban-ruwa da Agogon Zafin Hayaƙi

Wanda ya bar Sinnar ya nufi kudu, ba zai yi nisa ba sai ga shi a Mai Wurno, a gaɓar yamma ta Bahar Azrak. Garin ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya jagoranci kakanninmu, Fulani da Hausawa, zuwa wannan ƙasa bayan yaƙin Burmi na 1903. Madatsar Sinnar da aka gama a 1925 ita ke shayar da Jazira ta manyan magudanai. Amma lambunan da ke sama da gaɓa, ruwa ba ya hawa musu da kansa, sai an ɗago shi.

Shi ya sa matafiyi a wannan hanya kan riga jin inji kafin ya ga kogi. A nan babur muke ce masa, ko da yake a Kano babur abin hawa ne. Ayaba da mangwaro da lemo da albasa, duk a wuyansa suke. In ya tsaya a tsakiyar rani, wahalar shekara ce ke shirin tafiya a banza. Ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, yaƙin da ya taɓa Wad Madani da Sinja, kayan gyara suka yi wuya, suka yi tsada.

Dattawan bakin kogi da kunne da ido suke kiwon inji: in ƙara ta sauya, ko hayaƙi ya yi baƙi, sun san ya gaji. Wannan sani ne babba, sai dai kunne yakan yi barci. Agogon zafin ruwa kuwa yana da nawa, kafin allurarsa ta tashi wataƙila bawul ya riga ya ƙone. Wanda ke saurin faɗa shi ne agogon zafin hayaƙi. Ƙura ta toshe matatar iska, ko nozul ya lalace, ko an ɗora wa inji abin da ya fi ƙarfinsa, nan da nan zai nuna.

To, 'yan'uwa, ga abin da mai saye zai duba, ko na lambu ne ko na lori.

Na farko, tsinken da ke shiga cikin bututu ya zama irin da ake kira K, domin shi ke jure zafi har sama da digiri 1,000.

Na biyu, a lura da ma'aunin da ke fuskar agogon. Wasu na Amurka da F suke ƙirga, ba da C ba, kuma 1,200 na F bai wuce 650 na C ba. Galibin makanikai ba sa son injin dizal ya daɗe sama da wannan.

Na uku, in injinka da hannu ake tayar da shi, nemi agogon allura wanda ba ya bukatar batir. Mai lambobi yakan so wutar bolt 12.

Na huɗu, usta ya ɗaura tsinken kusa da kan inji. In akwai turbo, a sa shi kafin turbo, don bayansa hayaƙi ya riga ya huce, agogo zai kwantar maka da hankali a banza. Kada kuma a ƙara tsawon wayarsa da wayar gida, ƙirgar za ta kauce.

Bayan an ɗaura, a rubuta lambar da inji ke nunawa ranar da yake lafiya. Duk randa ta wuce nan, a rage masa kaya, a duba matata. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa albarka a noma, amin.